Cikin hotunan nan uku, wanne zai sa ka danna?

Sadiq_KofarKaura:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Idonku nike son ku ara mani. Wani Bature da muka haɗu a intanet ya ba ni aikin zana hoton da za a liƙa wa wasanshi a Steam, shagon saida wasannin kwamfuta na intanet, ɗan hoton nan da ke fitowa a jerin wasanni, wanda suke ce ma kafsul. A gidan caca wasan ke gudana, amma ba caca ake ba, ko sisi ba a sawa. Kai ne ma'aikacin da ke zaune ɗakin kyamarori kana kallon tebura, aikinka ka gano mai maguɗi: wanda ya ɓoye karta a hannun riga, wanda ya haɗa baki da mai rabawa, da sauransu. In ka kama marar laifi a kore ka daga aiki.

Na yi guda uku. Na ɗaya faifan rulet ne a tsakiya, wanda ake juyawa a gidan caca, kwabban roba na tashi sama, 777 a gefe, sunan wasan da ruwan gwal cikin rubutu mai lanƙwasa. Shi mai aikin ya fi so. Na biyu fuskar wani mutum ce, hula ta rufe mashi ido ɗaya, yana murmushin mugunta, kan karta ya leƙo daga hannun rigarshi, bayanshi duhu. Na uku kamar allon kyamarar tsaro: koren tebur daga sama, hannaye huɗu, an zagaye ɗaya da ja, suna da farin rubutu mai kauri.

Kwana huɗu ina kallonsu har idona ya daina bambancewa. Wanne za ku danna? Kuma ta ina mutum zai san hoto na aiki, ba kyau kawai gare shi ba?

SarkinGem:
Na ɗaya mana. Kuɗi na tashi sama, wa zai wuce bai leƙa ba 😂

Ummi_Zane:
Wa alaikumus salam. Sadiq, kafin kowa ya zaɓa, a wane girma kake kallonsu? Na san sun cika maka allon kwamfuta. Mai saye ba haka zai gan su ba. Akwai wuraren da Steam ke matse ƙaramin kafsul ya koma fiksel (ɗigon allo) 120 da 45, ɗan yatsanka ma ya fi shi faɗi. Na sauke naka na rage su. Na ɗaya ya koma kamar an zubar da miyar taushe, rawaya a kan rawaya, sunan sam ba ya karantuwa. Na biyu fuskar ta tsira amma kartar ta ɓace, kuma kartar ita ce labarin. Na uku ne kaɗai na iya karanta sunansa.

dan_Daura77:
Ai 460 da 215 ne girman, ina kika samo 120?

Injiniya_Lawal:
@dan_Daura77 wancan tsohon awo ne na babban hoton saman shafi, an ninka shi, yanzu 920 da 430 ake turawa. Wanda Ummi ke nufi shi ne ƙaramin, ana tura shi 462 da 174, su kuma su rage shi da kansu. Kuma ba hoto ɗaya ake yankawa a raba wa ko'ina ba. Kowane awo da nasa zanen. A ƙaramin, ƙa'idarsu ma ita ce sunan wasan ya kusa cike shi. Sadiq, ka tabbata ka san guda nawa ke cikin jingar, kar ka karɓi kuɗin ɗaya ka ƙare da zana biyar.

dan_Daura77:
To na sha gyara. Tsohon ilimi gare ni ashe.

BabanAmira:
Yarana, ni ban san Steam ba, amma shekara 23 ina rubuta allon shaguna a garin nan, tun ana yi da buroshi da fenti kafin injin bana ya zo ya ƙwace mana abinci. Allo ba don mai shago ake yinsa ba, don mai babur ne da zai wuce a guje. Mai shago zai ce a sa sunansa, da na mahaifinsa, da lambar waya uku, da hoton duk abin da yake saidawa. Ka biye masa, ka ba shi abin da yake so, wata biyu ya dawo ya ce allonka bai kawo kowa ba. Ni in na gama, tsallaka titi nake in tsaya in runtse ido. Abin da ya rage a idona shi ne allon, sauran duk ɓarnar fenti ce. Na runtse wa naka ido, Sadiq. Na ɗaya kyalkyali kawai ya bar mini. Kuma ruwan gwal ba ya zama sai a kan baƙi ko shuɗi mai duhu, wannan tun zamanin buroshi haka yake.

Sadiq_KofarKaura:
Baba na gode ƙwarai. Wallahi abin da kuka faɗa na mai shago shi ne ke faruwa da ni, sau uku yana cewa in ƙara kwabbai.

Malam_NaLayout:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba a tambaya ba. Ana ta awon tsawo da faɗi, ba wanda ya tsaya kan asalin aikin. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya a wuri ɗaya, ta ce a nisance su. Ɗan Musulmi ya zauna kwana huɗu yana ƙawata faifan caca don ya ja ido, har yana tambaya wanne ya fi ja. Ni dai abin bai kwanta mini ba, ƙanena.

SarkinGem:
Allah gafarta Malam, ai ya ce ba kuɗi a ciki. Kama ɓarayi ake yi fa. Kenan wanda ya zana ɗan sanda yana bin ɓarawo ya tallata sata?

Malam_NaLayout:
Wanda ya zana ɗan sanda daban, wanda ya zana kayan sata suna walƙiya daban. Dubi hoto na ɗaya ka nuna mini ɗan sandan. Ni ban yanke wa kowa hukunci ba, ba kuma a zauren waya ake ba da fatawa ba. Ya je ya samu malamin da ya yarda da shi ya kwatanta masa aikin yadda yake.

Hafsat_Batagarawa:
Ni maganar Malam ta taɓa ni ta wani gefe. Ƙanena ya shiga harkar bet a waya bara, kuɗin rajistarsa na makaranta ya tafi a mako ɗaya, sai da Umma ta saida tunkiyarta. Da na karɓi wayar na duba, duk manhajojin kamarsu ɗaya: gwal, ja, kwabbai na zuba, bakwai uku. Da na buɗe zancen nan na ga hoto na ɗaya gabana sai da ya faɗi, na ɗauka wani ne ya shigo mana da talla zaure. Ban karanta bayanin Yaya Sadiq ba sai daga baya. To in ni na ɗauka haka, wanda ke neman wasan bincike shi ma haka zai ɗauka ya wuce abinsa.

Ummi_Zane:
Allah ya shirya shi, Hafsat. Kuma kin faɗi abin da nake ta kewayawa. Ko an ajiye batun halal da haram gefe, na ɗaya ƙarya yake yi wa wasan.

Injiniya_Lawal:
Bari in ɗora a nan don shi ne amsar tambayar Sadiq ta biyu. Mai wasan na da shafi a Steamworks, ɓangaren Steam na masu sa wasanni, da ke nuna masa sau nawa aka nuna kafsul ɗinsa, da mutum nawa suka shigo shafin. Raba yawan masu shigowa da yawan nunawar shi ne adadin dannawa. Amma wannan lambar kaɗai mayaudariya ce. Misali kawai nake bayarwa: a nuna wa mutum 1,000 hoto na ɗaya, 50 su danna, su tarar ba caca ba ce, 2 su sa shi a wishlis, wato jerin wasannin da suke son saya. A nuna wa wasu 1,000 na uku, 25 su danna, 8 su sa. A takarda na ɗaya ya ninka, a aljihu na uku ya ci. Abin ma ya fi haka muni in sun saya, don a Steam wanda bai kai awa 2 yana bugawa ba, cikin kwana 14, yana iya neman a maida masa kuɗinsa, wani kuma kafin ya tafi sai ya bar mummunan sharhi. Dannawar wanda ba naka ba bashi ce, za ka biya.

Abba_Kod:
To me zai hana ya gwada duka ukun a lokaci ɗaya? Ni da na sa ɗan wasana na kacici-kacici a Google Play, cikin Play Console akwai wurin gwaji, ka ba shi tambari biyu ko uku ya raba wa masu shigowa, ya faɗa maka wanda aka fi saukewa.

Injiniya_Lawal:
A Google Play akwai, Apple ma na da irinsa. Steam ba ta da shi. Sai dai ka sa ɗaya na wasu makonni ka canza, kuma nan ma lissafin na gurɓacewa, don makon da ake rangwame ko wani mai bidiyo ya buga wasan ba ɗaya yake da makon da ba komai ba. Dabarar da aka fi yi ita ce ɗan talla a Facebook ko Reddit, rubutu ɗaya, mutane iri ɗaya, hoto kawai ya bambanta. Abba, naka gwajin mutum nawa suka shiga?

Abba_Kod:
Kar ka tona mani asiri Injiniya 😅 Wata guda yana cewa bayanai ba su isa ba. Rabin masu saukewar ma 'yan gidanmu ne.

Injiniya_Lawal:
To ka gani. Gwaji ba jama'a kamar awon hatsi ne da murfin kwalba.

dan_Daura77:
Ni fa na biyu nake so, ba wanda ya kare shi. Fuska na jan ido fiye da tebur. Ku dubi Balatro, wasan karta ne da aka gina kan hannayen poka, amma abin da kowa ke tunawa fuskar jokan nan ce. Mutum ɗaya ya yi shi, ya fito Fabrairun 2024, kafin shekara ta zagayo ya sayar da sama da miliyan 5. Na uku kuwa hannaye ne kawai, sai ka ce tallar sabulun wanke hannu.

Ummi_Zane:
Sabulu kuma 😂 Amma da gaskiyarka kan fuska. Matsalar na biyu biyu ce. Shafin Steam shuɗi ne mai duhu, hoto mai duhun baya nutsewa yake a ciki, gefensa ya ɓace. Sannan wanda ya ga mutumin zai ɗauka shi zai zama, wato shi ne mai maguɗin, alhali kama shi zai yi. Ƙaramar ƙarya ce, ba kamar ta ɗaya ba, amma ƙarya ce.

Injiniya_Lawal:
Tunda an ambaci Balatro, labarinsa ya shafi Sadiq. Ba a sa kuɗi a cikinsa, amma jim kaɗan da fitowarsa hukumar PEGI ta Turai, mai ƙayyade shekarun masu buga wasa, ta ɗaga shi daga shekara 3 zuwa 18 saboda siffofin caca, har aka sauke shi na ɗan lokaci daga shagunan na'urorin wasa a wasu ƙasashe. Sai a Fabrairun 2025 bayan ɗaukaka ƙara aka maida shi 12. Akwai kuma Luck be a Landlord, mai kama da injin caca, wanda Google Play ta toshe a wasu ƙasashe har da Saudiyya. Ostareliya kuwa tun Satumban 2024 wasan da ke kwaikwayon caca na 'yan 18 ne.

Abba_Kod:
Amma wannan abin da ke cikin wasan ake dubawa ai, ba hoton waje ba.

Injiniya_Lawal:
Haka ne, ban ce hoto ke kawo hukunci ba. Cewa nake in wasanka ba caca ba ne, me zai sa ka sa masa rigar caca da hannunka? Ranar da ya so kai shi waya ko ya yi masa talla, mai tantancewa hoton zai fara gani, kuma tallar caca na da tsauraran ƙa'idoji a Facebook da Google.

Mai_Shayi_Online:
Ni tambayata daban. Dala yake biyanka? Ta ina take shigowa? Ni wani ya riƙe mani kuɗin tambari wata uku, ƙarshe ya toshe ni.

Sadiq_KofarKaura:
Rabi kafin aiki, rabi bayan na miƙa. Wanda zan tura mashi ya duba kuma da tambarina a kwance a kai. Sauran bayanin zo ta akwati.

Shugaban_Zaure:
Jama'a batun biyan kuɗi akwai zarensa daban, an liƙa shi a sama. A dawo kan hotuna.

BabanAmira:
Ɗana, ga shawara mara tsada. Bar tambayar mutane wanne ya fi kyau, kowa zai ce maka mai kyalkyali. Nuna wa mutum ɗaya hoto ɗaya, ƙidaya uku, kife wayar, ka ce masa me ake yi a wannan wasan. Kar ka nuna wa mutum ɗaya duka ukun. Kuma ban da abokanka, su kunyarka za su ji.

Hafsat_Batagarawa:
Mu nan ma an riga an ɓata mu, tunda mun karanta bayanin kafin mu ga hotunan. Ni kaɗai ce na gani ban karanta ba, kun kuwa ji abin da na ɗauka.

Nura_Likita:
Ƙaramin abu kan na uku. Jan zobe a kan koren tebur shi ne daidai haɗin da masu matsalar bambance launi ba sa gani sosai, kuma a cikin mazan Turawa kusan 1 cikin 12 na da ita. Su ne kuwa kasuwar wasan. Maida hoton baƙi da fari ka gani, in zoben ya narke cikin tebur to ka sa masa farin baki ko ka canza shi rawaya.

Sadiq_KofarKaura:
Likita na gwada yanzu. Ya narke tas. Ban taɓa kawo wannan a raina ba.

SarkinGem:
Wai ni kaɗai na rage a bayan na ɗaya? To a sa mashi "Wasan da ya fi kowane" da manyan baƙaƙe a gani in ba a danna ba.

Ummi_Zane:
Ba za su karɓa ba. Tun 1 ga Satumban 2022 Steam ta hana sa makin sharhi, lambar yabo ko kalaman talla a kafsul. Zane, da sunan wasa, da ƙaramin takensa in yana da shi. Shi ke nan. Wani abu kuma Sadiq, kwabban nan na ɗaya da hannu ka yi su? Sun yi mini santsin nan na hoton da inji ya haɗa.

Sadiq_KofarKaura:
Da hannu, Anti Ummi, dare biyu na kashe a kansu.

Ummi_Zane:
To ka ga abin haushin. 'Yan wasa da yawa in suka ga wannan santsin sai su ce inji ne su wuce, ba mai tambayarka dare nawa ka yi. Na biyu ya fi nuna hannun mutum.

Sadiq_KofarKaura:
Na dawo da rahoto. Jiya bayan la'asar na bi shawarar Baba, na je gidan gem da ke bayan layinmu da wani shagon cajin waya, na samu mutum 15, biyar biyar kowane hoto, a ƙaramin girma. Na ɗaya: duka biyar sun ce bet ne, ɗaya har ya tambaye ni nawa ake fara sawa. Na biyu: biyu sun ce wasan 'yan daba, ɗaya ya ce fim ne, ɗaya whot, ɗaya ya ce bai gane ba. Na uku: uku sun ce ana neman ɓarawo ko mai cuta, ɗaya ya ce sunuka saboda koren tebur, ɗaya ya ce ludo. Amma da na tambaya ko za su taɓa shi, 'yan na biyu sun fi ɗoki. Wato wanda aka fi ganewa daban, wanda ya fi jan rai daban. Kaina ya ƙara kullewa.

Injiniya_Lawal:
Mutum biyar ba lissafi ba ne, kuma yaran gidan gem ba su ne masu sayen wasa da dala ba, ƙwallo suka sani. Amma biyar cikin biyar su ce bet, wannan ba sai an kira mai ƙididdiga ba. Tura wa Baturen wannan sakamakon yadda yake.

dan_Daura77:
Kun ga dai fuska ta yi aikinta. A haɗa mana: mutumin na biyu, amma a cikin allon kyamarar na uku, zoben a kan hannun rigarsa.

Ummi_Zane:
A babban hoton zai yi kyau sosai, har na hango shi. A ƙaramin ba wuri. Fuska, zobe, allo, suna, abu huɗu a faɗin ɗan yatsa, mun koma gidan jiya. Can sai dai suna da ido ɗaya a gefe.

BabanAmira:
Ido ɗaya ya isa in an zana shi da kyau.

Malam_NaLayout:
Na bi zancen har nan. Na ji daɗi da faifan ke neman fita, ko da ba don dalilina kuka cire shi ba. Amma har yanzu gidan caca ne, kuma wanda kake yi wa gadi a wasan mai gidan cacar ne, dukiyarsa kake tsarewa. Wannan fa?

SarkinGem:
Kai, Malam ya kawo wata sabuwa. Wallahi ban kalle shi ta nan ba.

Abba_Kod:
Shi ya sa nake cewa mu yi namu. Wannan dabarar ta kama mai maguɗi a ɗora ta kan masu awo a kasuwar hatsi, ko ɗakin jarrabawa. Wa ya taɓa ganin dara a Steam da hoto mai kyau? Dala 100 ce kuɗin sa wasa, mu goma mu haɗa.

Hafsat_Batagarawa:
Ɗakin jarrabawa kam ina da labarai da za su cika wasa uku.

Shugaban_Zaure:
Abba buɗe mata zare daban, kar ta nutse a nan.

Sadiq_KofarKaura:
Malam, tambayarka na riƙe ta, gobe in sha Allahu bayan Asuba zan tsaya wurin limaminmu da kwamfutar ya gani da idonshi. Shi kuma mai aikin ya amso. Ya yarda a jefar da 777 da kwabban, ya so haɗin da dan_Daura ya kawo, amma ya kafe sai an bar faifan rulet ko da dishi-dishi ne a baya, wai in babu shi ba mai sanin gidan caca ne, za a ɗauka teburin cin abinci. Anti Ummi, in na dusashe shi sosai zai wuce, ko zai sake cinye fuskar?

Ummi_Zane:
Ya danganta da inda ka ajiye shi. Kar ya zauna daidai bayan kan mutumin, zai koma kamar faifan tuwo aka kifa masa. Tura shi kusurwa, kwata kawai ya leƙo, ka rage masa launi. Yi biyu, mai faifai da marar faifai, ka turo su a 120 da 45 kawai, kar ka turo manyan. Kuma wannan karon kar ka rubuta wanne ne wanne.

Sadiq_KofarKaura:
To. An ɗauke wuta, kwamfutar saura kashi 9. Sai dare in an kawo.